Rantsuwar Mashudu Mai Gyaran Keke

Duk telan da ya yi shekara biyar a Fagge ya san Mashudu mai gyaran keken ɗinki. Sunansa na yanka Moshood, amma bakin Kano ba shi da lokacin jan wasali, tun yana yawo ba wando aka lanƙwasa sunan ya koma Mashudu, shi kuma bai taɓa musawa ba. Mahaifinsa mutumin Offa ne da ya zo Kano sayar da atamfa, ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya bayan Titin Ibrahim Taiwo. A nan aka haifi Mashudu, a nan ya yi allo ya yi boko. Idan ya je Offa hutu sai dangi su riƙa yi masa dariya suna ce masa Bahaushe, idan kuma faɗa ya haɗa shi da wani a Fagge sai a tuna masa shi Bayarabe ne. Tun daga nan ya koyi zama da mutane ba tare da ya buɗe musu cikinsa duka ba.

Bokon bai yi nisa ba. Bayan sakandare aka kai shi Sabon Gari wurin wani dattijo ya koyi gyaran keke, ya kuwa iya. Keken da ya gagari mutum uku, Mashudu zai kara kunne, ya juya shi sau biyu, ya nuna inda ciwon yake. Yana da wata ɗabi'a da teloli suka haddace. Idan ya gama aiki aka tambaye shi ko ya gyaru, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, “Ba a karɓar ‘ya gyaru’ a baki. A sa zare, a taka, mu ga ɗinki.” Har tsokanarsa ake yi da ita. Yana sako ƙafa a shago wani zai ɗaga murya daga lungu, “A sa zare, a taka!” a kwashe da dariya.

Ya auri Mulikat, ’yar Rijiyar Lemo, mace mai ibada wadda azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. ’Ya ɗaya suka samu, Kamila, daga ita haihuwa ta tsaya. Mashudu bai ƙara aure ba, bai ma yi sha'awa ba. Duk son da ya kamata a raba wa yara shida ya tattara ya ɗora wa wannan yarinya. Har ta gama kwalejin koyon aikin jinya, idan ta dawo gida da yamma shi ne yake fara tashi ya karɓi jakarta.

Yanzu ga abin da Fagge ba ta sani ba: Mashudu ya daina yarda akwai Allah.

Mutane suna son irin wannan labari ya zo da dalili mai maiƙo, a ce giya ce, ko Turawa ne suka saye shi, ko wata ce ta juya masa kai. Babu ko ɗaya. Abin ya zo masa ne kamar yadda zare ke ƙarewa a kwarkwaro: kana ta taka keke, allura na hawa tana sauka, sai ka ɗaga ƙyalle ka ga ashe tun ɗazu ba a ɗinka komai ba. Yana da shekara talatin da takwas, a cikin sahun Juma'a, ya lura bakinsa yana motsi amma babu wanda yake yi wa magana. Ya tsorata ƙwarai. Ya ƙara nafila, ya yi azumi, ya sayi littattafai, ya yi wa malamai tambayoyi ta bayan gida yana cewa wani abokinsa ne ya rikice. Bayan shekara biyu ya haƙura, ya yarda wa kansa cewa abin ya tafi.

Bai daina salla ba. Kada wani ya yi saurin ce masa munafuki, sai ya fara gwada zama a lungun da ake ƙirga wanda bai fito Asuba ba. A garin nan in aka ce wane ba shi da imani, ba a nufin ra'ayinsa, ana nufin mugu ne wanda zai iya yanka ka bai ji komai ba. Kalma ɗaya ce ake amfani da ita ga azzalumi da ga mai shakka, kuma ba wanda ya damu ya raba su. Mashudu ya ji labarin waɗanda suka faɗi abin da ke ransu da sunansu na gaskiya. Wani danginsa sun ɗaure shi sun ce aljanu ne, wani yana hannun hukuma, wani ya gudu ko takalmi bai ɗauka ba. Saboda haka ya ci gaba da alwala, yana cewa amin inda ake cewa amin.

Amma shiru yana da nauyi. Shekara huɗu da suka wuce ya sayi wata tsohuwar waya, ya buɗe shafi a Fesbuk da sunan Mai Tambaya, ba hoto, ba unguwa. Wayar tana kwana a ƙasan akwatin kayan aikinsa, cikin tsumman mai. Bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa taɓa sunan wani annabi ba. Tambaya kawai yake yi, wani lokaci ya faɗi a fili cewa shi dai ya duba bai ga alamar akwai kowa a sama ba. Wannan kaɗai ya isa. A ƙarƙashin kowane rubutu zagi ne yake sauka kamar ruwan Agusta, ana tsine wa uwar da ta haife shi, ana roƙon duk wanda ya san shi ya fito da adireshinsa. Jefi-jefi wani zai turo masa saƙo a ɓoye, shi ma da sunan ƙarya, ya ce, “Ni ma haka nake, na zaci ni kaɗai ne.” Saboda waɗannan yake ci gaba.

Ana cikin haka Kamila ta kawo miji. Nazifi ne, ɗan Alhaji Tasi'u mai babban shagon ɗinki a Fagge, keke goma sha biyu, duk Mashudu ne yake duba su. Yaran suna son juna tun suna sakandare. An sha fama kafin dangin Alhaji su yarda da ’yar Yarabawa, abin da ya kashe bakin masu magana shi ne shaidar da kowa ya bayar cewa gidan Mashudu gidan addini ne. Aka kawo lefe akwati shida, aka sa rana. Mashudu ya ce wa kansa da zarar an ɗaura zai rufe shafin nan ya huta. Da ma tun ranar ya rufe.

Saura mako uku biki, wata Talata da hantsi, yana durƙushe a shagon Alhaji Tasi'u ya kwance kan wani keke, sai Alhajin ya shigo riƙe da waya yana huci.

“Ku ji ɗan iskan nan kuma! Mai Tambaya yake ko wa? An turo mana a guruf ɗin masallaci. Wallahi da zan san shi, da hannuna zan fara, kafin hukuma ta zo ta tarar da saura.”

Teloli suka tsayar da kekuna. Wani ya ce ai irin waɗannan fetur ya kamace su. Wani ya ce shi ya tabbata ba ɗan Kano ba ne, ɗan Kano ba zai yi haka ba. Alhaji ya ce Allah ya tona asirinsa, ya wulaƙanta shi duniya da lahira. Shago ya ɗauki amin. Mashudu ma ya ce amin, kansa a ƙasa, yana ɗiga mai a inda ba ya bukatar mai.

Alhaji ya ci gaba da karantawa. Wani ne ya rubuta wa Mai Tambaya cewa malamai sun riga sun amsa duk shirmensa, magana ta ƙare. “Ku ji amsar da tsinannen ya bayar,” in ji Alhaji, ya matso da wayar kusa da ido. “Wai, ‘Ba a karɓar ya gyaru a baki. A sa zare, a taka, mu ga ɗinki.’”

Wani tela daga lungu, bisa sabo, ya ɗaga murya, “A sa zare, a ta...” Bai ƙarasa ba. Dariyar da ta fara tasowa ta mutu a maƙogwaron mutane. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo.

Duk idanu suka sauka kan Mashudu. Ya tuna lokacin da ya rubuta ta, jiya a cikin adaidaita, ransa a ɓace, yatsa ya riga tunani. Shekara huɗu yana tace kowace kalma, ya ɓoye unguwa, ya ɓoye ƙabila, ya ɓoye sana'a, sai ga shi ya sa hannu da maganar da ko kurma a Fagge ya san mai ita.

Ya yi ta maza ya ɗago. “Haba Alhaji, wannan kallon fa? Maganar da duk Fagge ta haddace? Ko a shagon nan mutum nawa ne suke faɗinta?”

Alhaji Tasi'u ya dube shi. “Gaskiya ne, Malam Mashudu. Shi ya sa ban ce kai ne ba. Amma zuciyata ta riga ta ɗarsa, kuma ɗana ba zai haɗa jini da shakka ba. Jibi bayan la'asar zan zo gidanka da liman. Ka dafa Alƙur'ani, magana ta mutu, a yi biki. In ka ƙi, ka san sauran.”

Abin dariya, in da wurin dariya, shi ne cikin mutum goma sha uku da ke shagon babu wanda ya tsaya ya yi tunanin me rantsuwa za ta ci wa wanda bai yarda da abin da ake rantsewa da shi ba. A wurinsu Alƙur'ani ba ya barin maƙaryaci, ko ya yarda ko bai yarda ba. Mashudu ya ga wannan ƙofa tun kafin ya gama haɗa kan keken. Zai rantse. Ya yi ƙaryar da ta fi wannan tsawo don abin da bai kai Kamila ba.

Duk da haka yana son ƙarin shaida. Washegari ya nufi Sabon Gari wurin Ambrose, Inyamurin da yake sayen allura da bel ɗin keke a hannunsa shekara ashirin. Sun ci abinci a kwano ɗaya. Lokacin wani rikici, iyalin Ambrose kwana uku suka yi a ɗakin Mulikat. Mashudu ya ja shi bayan shago ya faɗa masa komai, karo na farko da maganar ta fito daga bakinsa zuwa kunnen mutum. Sannan ya miƙa masa wayar. Abin da yake roƙo kaɗan ne: gobe bayan la'asar, daidai lokacin da yake zaune gaban liman, Ambrose ya danna wani rubutu da ya riga ya shirya, don a ga Mai Tambaya yana magana alhali hannun Mashudu yana kan Alƙur'ani.

Ambrose bai karɓi wayar ba. Ya ja da baya har ya bugi kwali.

“Tsaya, Mashudu. Kana nufin ka bar Musulunci? In haka ne, zo mu je wajen fada, limamin cocinmu, yanzu. Zan ɓoye ka, zan ɓoye iyalinka.”

“Ba coci nake nema ba, Ambrose. Ban yarda da ko ɗaya ba.”

“Ko ɗaya? Wa ya yi ka? Wa ya tashe ka yau da safe?” “Shekara ashirin ina cewa Mashudu mai tsoron Allah ne, ko shagona zan bar masa in tafi gida Kirsimeti. Ashe ba ka tsoron komai. Mutumin da ba ya tsoron komai, me zai hana shi? Ka ce in sa hannuna in rubuta babu Allah? Ni?”

“Saboda Kamila.”

“Saboda Kamila ne ba zan faɗa wa kowa ba. Iyakar abin da zan yi ke nan. Ɗauki abinka ka tafi, kuma ka nemi wani wurin sayen allura.”

Mashudu ya fito. Wannan ta fi masa ciwo a kan zancen fetur, domin masu fetur ba su san da shi suke ba. A bakin wata kwata ya tsaya, ya zare layin wayar ya karya da filaya, ya saki wayar cikin baƙin ruwa. A gida ya gaya wa Mulikat cewa wani ɗan hassada ne ya ari maganarsa, gobe zai rantse a wuce wurin. Ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka zo, Alhaji Tasi'u da ƙannensa biyu da limamin unguwa. Aka shimfiɗa darduma a falo. Mulikat da Kamila suna uwar ɗaki, labule ne kawai a tsakani. Liman dattijo ne mai sanyin hali, ya fara da cewa zato ba shi da kyau, kuma rantsuwa ba abin wasa ba ce, da za a haƙura da ya fi. Alhaji ya ce ba za a haƙura ba.

Mashudu ya fita ya yi alwala a gabansu, ya kyautata ta, ya dawo ya zauna. Liman ya buɗe jakar fata ya fito da Alƙur'ani ya ɗora a kan matashi. Zuciyar Mashudu a kwance take. Takarda ce da tawada, in ji shi a ransa, minti ɗaya ne, ’yarsa ta shiga ɗakinta.

“Ni zan faɗa, kai ka maimaita,” in ji Alhaji Tasi'u. “Ka ce: na rantse ba ni ne Mai Tambaya ba, kuma na yarda da Allah. In ƙarya nake, Alƙur'anin nan ya ci ni, ya ci zuriyata.”

Liman ya ɗaga hannu. “Alhaji, zuriya kuma? A bar shi a kansa mana.”

“Zuriyar ce zan kai gidana, Malam. A kanta nake son ji.”

Mashudu ya miƙa hannun dama. Yatsunsa sun kusa taɓa bangon littafin sai aka fizge labule.

“Kada ka rantse, Baban Kamila!”

Mulikat ce, mayafinta ya zame. Ta faɗo falon ta riƙe masa wuyan hannu da hannu biyu, da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

“Ka rantse a kanka in kana so. Ban da ’yata. Ita kaɗai gare ni. Wallahi ba za ka sa ta a bakin Alƙur'ani ba!”

Mashudu ya buɗe baki zai ce tsoro ne irin na mata, ya ga fuskar Alhaji Tasi'u, ya san ba sauran amfani. Matar da ta yarda mijinta mai gaskiya ne ba ta riƙe masa hannu.

Liman ya mayar da Alƙur'ani cikin jaka a hankali, yana salati. Ɗaya daga ƙannen Alhaji ya zabura, liman ya tare shi da sanda ya ce ba a gabansa ba, kuma duk wanda ya tara wa gidan nan jama'a shi da Allah. Alhaji Tasi'u ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Bai yi ihu ba.

“Ka ce amin a shagona,” ya ce. “Ina tsine maka kana cewa amin.” Ya tofar da yawu a bakin ƙofa. “Gobe mata za su zo ɗaukar kayanmu.”

Da suka fita, Mashudu ya juya ga matarsa. Haushi ya cika shi.

“Da kin bari, Mulikat. Babu abin da zai faru. Na rantse miki babu abin da zai same ta.”

“Da me za ka rantse mini?” Ta share ido da bakin zane. “Kai ne ka san babu abin da zai faru. Ni ban sani ba. Shekara shida ina jin ka kana salla kamar mai karanta lambar mota. Na ga wayar cikin tsumma tun bara waccan. Na yi shiru, ina tashi ina roƙa maka, ban gaya wa ko uwata ba. Na rufa maka asiri da duk abin da nake da shi. Amma da a ce ta mutu, gara a ce an fasa.”

Bai iya jin haushinta yadda yake so ba, wannan ma ya ƙara masa ciwo.

Kafin magariba labari ya gama Fagge. Teloli uku suka aiko a karɓo musu kawunan kekunansu a yadda suke, ko an gyara ko ba a gyara ba. Mai gidan haya ya aiko cewa yana son ɗakunansa, ba don komai ba sai don kada a ƙona masa gida. Wan Mulikat ya bugo daga Rijiyar Lemo ya ce da safe zai zo ya ɗauke ta ita da yarinyar, shi kuma Mashudu in yana da hankali kada Juma'a ta same shi a Kano. Kamila ba ta fito daga ɗaki ba. Sau biyu ya je bakin labule ya kira sunanta, ba ta amsa ba.

Washegari da hantsi, tun kafin wan Mulikat ya iso, mata huɗu daga gidan Alhaji suka zo da adaidaita biyu. Ba su yi sallama ba. Suka shiga suna fito da akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, suna kauce wa inda yake tsaye kamar mai cuta. Maƙwabta sun cika lungu suna kallo, mutanen da ya gyara wa kekuna kyauta, ba wanda ya ce masa sannu.

Akwati na shida Kamila ce ta fito da shi da kanta. Ya fi ƙarfinta, tana ja tana tsayawa, idanunta sun kumbura. Mashudu ya taho da sauri ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuya zai kama mata hannun akwatin.

Ta janye shi gefe. Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya tare hanya a kasuwa.

“Malam,” ta ce, “matsa in wuce.”

Ya matsa.